Saɓar Fata: Daga Nonon Masar Zuwa Dilkar Amare

Maciji kan yi saɓa da kansa, amma ɗan'adam sai ya nemi abin da zai ɗaye masa fatar sama domin sabuwa ta fito. Dabarar tsohuwa ce. Ana ba da labarin cewa matan Masar ta dā kan yi wanka da nono, wanda tsaminsa ke sassauta matacciyar fata.

Likitanci bai rungumi abin sosai ba sai a 1882, sa'ad da Bajamushen likitan fata, Paul Unna, ya bayyana aikin sinadarai irin su finol da salisilik asid. A Amurka, George MacKee ya soma shafa finol a kan tabon ƙurajen fuska tun 1903, amma bai wallafa sakamakon ba sai 1952. Sai dai fa galibin gwaje-gwajen nan a kan farar fata aka yi su. Baƙar fata kuwa, idan sinadari ya ci ta da zurfi, takan rama da tabon da ya fi na farko muni.

A Maikunkele, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, kamar sauran garuruwan Arewa, abin da amare suka sani shi ne dilka, gyaran jikin da ya shigo ta Barno daga Sudan. Ita murza ce kawai, ba ta wuce fatar sama. Haɗarin ya zo ne da man bilicin. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta masu ɗauke da zaiba, amma har yau ana haɗa mayuka cikin robobi marasa suna, ana sayar wa 'yan mata.