Daga Zamanin Diga Zuwa Sabon Layin Dogo: Wa Ke Koya Wa Leburanmu Kauce Wa Jirgi?

Yau hirarmu a kan layin dogo take, wannan da ya ratsa ƙasar Kiru ta Dangora da Yako, ya bi ta Madobi da Challawa ya shiga Kano.

A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa shi daga Baro, bakin kogin Kwara, lokacin Gwamna Girouard. Ƙarfen ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Littafin makaranta yakan tsallaka daga nan ya faɗa labarin dalar gyaɗa. Ni kuwa nan nake so mu ɗan tsaya, don ba injin ne ya yi aikin ba. Talakawa ne, da diga da kwando. Bature ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya kwaso manoma daga gonakinsu. Abin ya girgiza ƙasar nan har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa guda, Waƙar Diga. Mutumin da aka kawo dole, wa zai zaunar da shi ya koya masa kare ransa? Helima kawai ya sani, da tsawarsa.

Da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a 1955, aikin reluwe ya riga ya zama sana'a mai ƙa'ida: masu duba layi a ƙafa, jar tuta, usur, mai tsaron mararraba. Sai jirgi ya yi ta mutuwa yana farfaɗowa, har aka dawo da na Legas zuwa Kano a Disambar 2012. A tsakanin nan aka haifi yawancinmu. Mun tashi muna ganin dogo a matsayin wurin zama, wurin shanya, hanyar yanke. Wallahi tsoronsa ya fita daga zukatanmu, kuma wannan ne ya fi damuna.

A Yulin 2021 aka ƙaddamar da sabon layin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, kamfanin CCECC na China ke yi. Faɗin tsohon milimita 1,067 ne, sabon 1,435, an tsara shi don gudu. To ku yi lissafi da ni. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ba shi da sitiyarin kaucewa, kuma ƙarfe a kan ƙarfe yake tafiya, don haka ko direba ya taka birki sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. A Ingila ba a barin ma'aikaci ya taka layi sai ya yi horo ya samu katin shaida, kuma doka ce ya kasance ya fice gefe aƙalla daƙiƙa 10 kafin jirgi ya iso. Mu nan fa? Ranar 9 ga Maris 2023, a Ikeja, direban bas ya ƙi bin umarnin mai tuta, jirgi ya kwashe motar, mutum shida suka rasu a ranar.

Samarinmu na Kiru da Bebeji da ke neman leburanci a irin wannan aiki, hula da riga mai sheƙi ba su ne horo ba. Kafin ka ɗauki shebur ka tambaya: wa ke gadin zuwan jirgi, da me zai sanar da mu, ina za mu tsaya idan ya taho? Ni ina ganin ya kamata a yi wannan horo da Hausa, a haɗa da makiyaya da 'yan acaɓa da masu tallar bakin tasha, kuma hakimai da kansilolinmu su nemi hakan a rubuce tun jirgi bai fara gudu ba.

Duk wanda kakansa ya yi aikin reluwe a Dangora ko Yako, ya aiko mana da abin da ya ji daga bakinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.