Lissafin Sakandare Da Takardar Da Aka Aiko Wa Baba



Satin da ya wuce ne ƙanwata ta dawo daga makaranta da wata takarda, wai tunda za ta shiga SS1 iyaye su zaɓa mata aji: na kimiyya, ko na kasuwanci, ko na at. Baba ya karɓa ya juya ta gaba da baya, sannan ya miƙo min ya ce, "Kai da ka yi boko, cike mata." Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin irin wannan takarda aka taɓa kawo wa gidan nan a kaina, aka cike ta a tsaye a bakin shago cikin minti biyu. Da ma na daɗe ina bin tarihin yadda aka yi lissafi ya zama abin da ke tare yaro ko ya ba shi hanya a ƙasar nan, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na tara, ko wani zai amfana.

Da farko dai kada wani ya ce mana Bahaushen Sabo bai iya lissafi ba. Unguwar nan tamu ta Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma goro da shanu ne suka riƙe ta, sana'o'i biyu da ba a yin su sai da ƙidaya da bashi da la'ada. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma in aka ce masa ƙwarya 37 a kan naira 4,500 kowace, kafin in lalubo kalkuleta ya faɗi 166,500. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi, ya ce ai sai ka cika ta 40 ka samu 180,000, sannan ka cire kuɗin ukun da ka ara. Abin da ya yi ɗin nan yana da suna a littafin aljebra, har da baka biyu da harufa. Ga kuma malamanmu na zaure masu rabon gado, da sudusi da sumuni da rubu'i. Matsalarmu ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Lissafin makaranta hawa-hawa aka gina shi, kowane hawa da sharaɗinsa, mu kuma ba wanda ya zaunar da iyayenmu ya yi musu bayani.

A zamanin Turawa daga Jami'ar Kambirij ta Ingila ake aiko da jarrabawar gama sakandare, kafin a kafa WAEC a 1952. Daga baya sakandare ta zama shekara biyar, daga fom 1 zuwa fom 5. Lissafi iri biyu ne: akwai na kowa da kowa, wanda ya ƙunshi ƙidaya da aljebra da jometiri da ɗan tirigonometiri, akwai kuma na ƙari da ake ware wa yaran da malami ya ga kansu na ja. Wanda ya ci ya kuma samu hali sai ya ƙara shekara biyu a ajin HSC, a nan ne ake shiga lissafi mai zurfi, daga can sai jami'a. Wani tsohon malami Bayarabe da ke zama kusa da shagonmu, wanda shi ya ba ni labarin yawancin abin da ya faru a cikin aji a waccan shekarun, ya ce a zamaninsu Turanci ne dodo. Mai son karanta tarihi ko lauya bai cika damuwa da lissafi ba. Mu kuwa a lokacin ba mu ma shiga layin ba, don ko da Awolowo ya kawo firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, yawancin yaran Sabo suna makarantar allo da kasuwa.

Sai kuma rigimar da ta fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan, wato ta lissafin zamani.

A 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan adam na farko, Sputnik. Hankalin Amurka ya tashi, suka ce lallai an bar su a baya a kimiyya, suka shiga sauya yadda ake koyar da lissafi a makarantunsu. Maimakon haddar jadawalin sau, sai a fara wa yaro da rukunin abubuwa da ake kira set, da zanen da'irori masu shiga juna, da ƙidaya a kan tushe biyu ko biyar maimakon goma. Wai yaro ya gane dalili kafin ya haddace. Iskar ta kaɗo har Afirka. Daga 1962 aka riƙa tara masana lissafi na Afirka da Amurka da Ingila a garin Entebbe na ƙasar Yuganda suna rubuta sababbin littattafai, har aka riƙa kiran abin lissafin Entebbe. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi ruwa suka yi tsaki a aikin akwai Grace Alele-Williams, wadda ta yi karatu a nan Badun, ta samu digirin dakta a Jami'ar Shikago a 1963, daga baya a 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar nan, wato ta Binin. A makarantun Ikko aka fara gwada tsarin, sannan ya bazu.

To amma an yi gini ba a haƙa tushe ba. Malaman da za su koyar, su kansu ba a koya musu ba. Tsohon nan ya ce an kai su kwas na 'yan makonni aka sallamo su, ya dawo yana karanta babi da daddare ya koyar da shi da safe. Ana cikin haka sai ga UPE a 1976, yara suka cika makarantu maƙil, aka ɗebo malamai na gaggawa. Iyaye suka fara ƙorafi cewa yaro ya iya zana da'ira amma a aike shi kasuwa ba zai iya karɓo canji ba. A watan Janairun 1977, a wani taro da aka yi a Binin, kwamishinan ilimi na tarayya a gwamnatin Obasanjo, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani. (Shi ne dai wanda ɗalibai suka yi wa bore a 1978 kan kuɗin makaranta.) Ni a ganina iyayen suna da gaskiya, amma ba lissafin ne ya yi laifi ba. Abin dariya ma, set ɗin da tushe biyun da aka ce an kora ba su je ko'ina ba, ni kaina na same su a littafinmu na New General Mathematics, kuma sun fito mana a WAEC.

A shekarar 1977 ɗin ce kuma aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4. An fara aiki da shi a 1982, aka yi jarrabawar SSCE ta farko a 1988. A nan ne abubuwa uku suka faru waɗanda har yau su ke bin mu. An raba sakandare biyu, ƙarama da babba, saboda haka a ƙarshen JSS3 ake raba hanya, yaro yana ɗan shekara 14 ko 15. An mai da lissafin gama-gari dole a kan kowa, ko wane aji ka shiga. Sannan aka rushe ajin HSC a makarantun gwamnati, aka haɗa tsohon lissafin ƙari da wani ɓangare na abin da ake yi a HSC aka yi darasi guda, wanda ɗalibai ke kira Foda Mas. A cikinsa ake yin kalkulas sosai, da lissafin motsi da ƙarfi, da ƙididdiga. JAMB kuwa tun 1978 take, NECO ta zo ta fara tata jarrabawar a 2000. Sannu a hankali sharaɗin shiga jami'a ya tsaya a kan kiredit biyar har da Turanci da lissafi, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 sunansu an ci, amma ba sa buɗe ƙofa.

Ga yadda sharuɗɗan ke kama juna, don wannan ne iyayenmu ba su sani ba. Mai son injiniya, JAMB za ta nemi ya rubuta lissafi da fiziks da kemistiri bayan Turanci. Mai son likita, bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma duk da ba ya rubuta lissafi a JAMB sai ya nuna kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. Fiziks da kemistiri kuwa a ajin kimiyya kaɗai ake yin su, ajin kimiyya kuma makarantu da yawa ba sa ba yaro sai sun duba makinsa na lissafi a JSS3. Ashe ke nan yaron da aka riƙa cirewa daga aji ran kasuwa yana JSS2 don ya tsare shago, an rufe masa injiniya tun bai san sunanta ba. Shi Foda Mas ba dole ba ne, ko injiniya ana shiga ba tare da shi ba. Sai dai abokaina da suka shiga jami'a sun ce a shekarar farko ake gane wanda ya yi shi da wanda bai yi ba. Gaskiya ne tun da aka sabunta manhaja a 2011 an saka ɗan kalkulas a lissafin gama-gari, amma ɗanɗano ne kawai, mu a makarantarmu ma zango ya ƙare ba a kai babin ba.

Ni abin da ya faru da ni ba wani mai tsawo ba ne. Makina na lissafi a JSS3 ya isa kimiyya. Malamin da ya raba takardun ya dube ni ya ce ai ku Hausawa 'yan kasuwa ne, ajin kasuwanci ya fi dacewa da kai. Baba ya ji an ce kasuwanci ya ce madalla. Ni ma ban musa ba, don abokaina can suka tafi. Foda Mas kuwa ko a ajin kimiyyar babu, saboda malamin da ke koyar da shi an yi masa canjin wurin aiki ba a kawo wani ba. Na sake jiki, na fito da D7, sai da na sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara kafin na samu C5. Ba na ɗora wa malamin nan laifin D7, wannan nawa ne. Amma zaɓin aji ba da sanina aka yi shi ba, ba kuma da sanin Baba ba.

A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar cewa masu neman kwasa-kwasan fannin at ba sai sun kawo kiredit a lissafi ba. Na ji yara a unguwa suna murna wai an soke lissafi. Ba a soke ba. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta fito ta fayyace cewa dole kowane ɗalibi ya yi rajistarsa ya zauna jarrabawar, kuma sassaucin bai shafi kimiyya da fasaha da fannonin zamantakewa irin su tattalin arziki ba. Ɗan ajin kasuwanci mai son akanta yana nan inda yake. Tsorona shi ne kada wannan ya zama sabon dalilin tura yaranmu ajin at tun daga SS1 don gudun wahala.

Takardar ƙanwata ban cike ta a bakin shago ba. Na ce ta kawo sakamakonta na JSS1 zuwa JSS3, muka zauna da Baba bayan isha'i, na karanta masa ajujuwan uku da inda kowanne ke kaiwa. Ita ta ce aikin haɗa magunguna take so. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To shi wannan Foda ɗin, akwai mai koyar da shi a makarantar tasu?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce ran Litinin in rufe shago da safe mu je tare mu ji daga bakin shugabar makarantar, kafin a sa hannu.

Wassalam.