Wasiƙar da ta ci ran Nicolae Iorga

Fuskar Nicolae Iorga, dattijo mai cikar gemu, ita ce a kan takardar leu ɗaya ta Romaniya. Amma duk 27 ga Nuwamba, ranar da aka kashe shi a 1940, tsohuwar gardama kan taso: da hannunsa a mutuwar Corneliu Codreanu, jagoran ƙungiyar 'yan fasist ta Garda de Fier?

Iliminsa dai ba mai musu. An haife shi a Botoșani a 1871, yana ɗan shekara 23 ya fara koyar da tarihi a Jami'ar Bukarest, ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya da Jamusanci, mujalladi biyar. Firaministan da ya yi daga 1931 zuwa 1932 bai yi armashi ba, don a lokacin har malaman makaranta sun yi watanni ba albashi.

Rigimar ta faro ne a Maris 1938. Iorga, wanda ya koyar da Sarki Carol II tun yana yaro, ya goyi bayan rufe shaguna da gidajen abincin ƙungiyar, yana cewa matattarar makirci ce. Codreanu ya aika masa da wasiƙa mai zafi, ya tuna masa cewa shi ne dā yake kiran Kiristoci su ƙwace kasuwanci daga hannun Yahudawa, ya zarge shi da rashin gaskiya. Wannan tunin ba ƙage ba ne. Iorga ya daɗe yana yaɗa ƙyamar Yahudawa, kuma tabo ne da tarin littattafansa ba sa wankewa. Sai Iorga ya kai ƙara kan wasiƙar. Aka ɗaure Codreanu wata shida, a watan Mayu aka ƙara masa shekara goma kan cin amanar ƙasa, a ƙarshen Nuwamba jandarmomi suka shaƙe shi da mutanensa 13, aka ce wai gudu suka yi.

Magoya bayan Codreanu sun ɗora jinin a wuyan Iorga. Ni ban yarda ba. Carol da ministan cikin gida Armand Călinescu sun riga sun ƙudurta murƙushe ƙungiyar, ƙarar ta zo musu a daidai ne kawai. Laifin Iorga shi ne fushi da girman kai suka sa ya miƙa wa fada igiyar da take nema.

Carol ya sauka daga mulki a Satumba 1940, ƙungiyar ta shiga gwamnati tare da Janar Antonescu. 'Yan bindigarta suka ɗauke Iorga daga gidansa na Sinaia, washegari aka tsinci gawarsa a gefen hanya kusa da Strejnic. Jagoransu, Traian Boeru, ya tsere Jamus.