Kakar 1962: Yadda New York ta rungumi ƙungiyar da ta sha kashi sau 120

A shekarar 1962 sabuwar ƙungiyar besbol ta birnin New York, wadda ake kira Mets, ta ci wasa 40, aka cinye ta a wasa 120. Wato a kowane wasa huɗu da ta buga, uku sun tafi wa abokan hamayya. Tun shigowar ƙarni na 20 babu wata ƙungiya a babbar gasar Amurka da ta taɓa tara rashin nasara mai yawan haka a kaka ɗaya, kuma wannan tambari ya zauna a kanta shekara 62. Duk da haka mutum 922,530 ne suka biya kuɗi suka shiga kallonta a filinta, adadin da ya fi na wasu ƙungiyoyi uku daga cikin goma na rukuninta.

An saba ba da labarin wannan kaka a matsayin abin dariya, kuma akwai abin dariyar da yawa. Sai dai faɗuwar ba tsautsayi ba ce. Mutane ne suka shirya ta a kan tebur, watanni kafin a jefa ƙwallon farko.

Tushen maganar yana 1957. Har zuwa wannan shekara New York tana da manyan ƙungiyoyi uku: Yankees, da Giants, da Dodgers ta unguwar Brooklyn. Da kakar ta ƙare, sai masu Dodgers da Giants suka kwashe ƙungiyoyinsu suka koma Kalifoniya, ɗaya Los Angeles, ɗaya San Francisco, saboda can ne suka hango sababbin filaye da sabuwar kasuwa. Wanda ya taso da ƙwallon ƙafa zai ji abin banbaraƙwai, domin a Turai ko Afirka ƙungiya ta garinta ce. A Amurka kuwa kadara ce ta mai ita, yana iya ɗaukarta ya sauya mata gari. Miliyoyin magoya baya suka wayi gari babu ƙungiya. Komawa bayan Yankees kuma ba ta taso ba, don kuwa shekara da shekaru suka yi suna ƙinta.

Magajin garin New York, Robert Wagner, ya ɗora wa wani lauya mai suna William Shea aikin nemo wa birnin wata ƙungiya. Da Shea ya ga babu mai niyyar ba shi, sai ya sanar a 1959 cewa zai kafa gasa ta uku mai suna Continental League. Barazanar ta yi aiki. Tsofaffin masu ƙungiyoyi suka yarda su karɓi sababbi, shi kuma ya janye shirinsa. Rukunin National League, wanda yake da ƙungiyoyi takwas tun 1900, ya ƙara biyu: Mets a New York da Colt .45s a Houston.

To, amma wanda aka tilasta wa ba da kyauta ba ya ba da abin kirki. A watan Oktoba na 1961 aka zauna rabon 'yan wasa, kuma tsofaffin ƙungiyoyin ne suka tsara dokar rabon. Kowace ta killace zaratanta da matasan da take sa wa rai, ta fito da waɗanda ta gaji da su, sa'an nan ta sa musu farashi mai tsada. Mets ta biya kimanin dala miliyan 1.8 a kan 'yan wasa 22, mafi yawansu ko dai ƙarfinsu ya ƙare, ko kuma ba su taɓa samun gurbi na dindindin a ko'ina ba.

Wannan rabin dalili ne kawai, domin Houston ma daga kwando ɗaya ta tsinta, amma ta ci wasa 64 a wannan kakar. Ɗaya rabin daga cikin gida ya fito. Shugaban Mets, George Weiss, ya san waɗanda yake son sayar wa tikiti: marayun Dodgers da Giants. Saboda haka ya karkata ga fuskokin da birnin ya riga ya sani, irin su Gil Hodges, tsohon gwarzon Brooklyn wanda gwiwarsa ta riga ta lalace, da Roger Craig, da Don Zimmer. Launin rigar ma gādo ne, shuɗi daga Dodgers, ruwan lemo daga Giants. Filin wasan kuma shi ne Polo Grounds, tsohon gidan Giants da aka bari yana tsufa. Wannan lissafin kasuwa ne, kuma ta fuskar kasuwa ya yi daidai. Ta fuskar wasa kuwa, an sayi jiya ne aka sa mata riga.

Babbar dabarar Weiss ita ce ɗauko Casey Stengel a matsayin koci. Stengel ya jagoranci Yankees shekara 12, ya kai ta wasan ƙarshe sau 10, ya ɗauki kofin World Series sau 7. A 1960, bayan Pittsburgh ta doke su a wasan ƙarshe, Yankees ta sallame shi a kan cewa ya tsufa. Yana da shekara 71 lokacin da ya karɓi Mets. Tsoho ne mai baki, wanda zai riƙe 'yan jarida awa guda da zance mai kwana-kwana, su tashi suna dariya da littattafansu cike. Ya fahimci cewa ba zai iya ba su nasara ba, sai ya ba su labari. Da aka tambaye shi dalilin da ya sa mai cafka, Hobie Landrith, ya zama ɗan wasa na farko da suka zaɓa, an ruwaito ya amsa cewa in babu mai cafka ƙwallaye za su yi ta wucewa ne.

Ga wanda bai san wasan ba, tsarinsa a taƙaice shi ne: mai jifa yana jefa ƙwallo, mai bugu yana dukanta da sanda, sa'an nan ya ruga ya zagaya zango huɗu, kuma dole ƙafarsa ta taɓa kowane zango. In ya kammala zagaye, maki ɗaya ke nan. Sauran 'yan ƙungiyar mai jifa suna warwatse a fili don su cafke ƙwallon su fitar da shi.

Mets ta faɗi wasanni tara na farko a jere. Sai ranar 23 ga Afrilu ta ɗanɗani nasara, a Pittsburgh. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ta sake faɗuwa sau 17 ba tare da hutu ba. Masu tsaron filinta sun yi kuskure 210 a kakar. Roger Craig, wanda shi ne mafi dacewa cikin masu jifanta, an rubuta masa nasara 10 da faɗuwa 24. Wani mai cafka, Harry Chiti, an karɓo shi daga Cleveland bisa alkawarin za a biya da wani ɗan wasa daga baya, da lokacin biya ya yi sai aka mayar da shi kansa.

Amma wanda ya zama fuskar kakar shi ne Marv Throneberry, mai tsaron zangon farko, wanda aka samo daga Baltimore a watan Mayu. Landrith ɗin nan, zaɓin farko, shi aka bayar a madadinsa. Ranar 17 ga Yuni, a wasa da Chicago Cubs, Throneberry ya yi bugu mai kyau ya ruga har zango na uku. Alƙalin wasa ya ce ya fita, domin bai taka zangon farko ba. Stengel ya taso zai yi gardama, sai aka gaya masa kada ya wahalar da kansa, don zango na biyu ma bai taka ba. Maimakon 'yan kallo su tsane shi, sai suka kafa masa ƙungiyar masoya. Sun lura kuma cewa haruffan farko na cikakken sunansa, Marvin Eugene Throneberry, su ne MET.

Ba kowa ne ya lalace ba. Richie Ashburn ya buga kaka mai kyau, Frank Thomas kuma ya tsallake shinge da ƙwallo sau 34. Amma tsirarun gwanaye ba sa rufe ramin da ya kai wannan faɗi, kuma Ashburn ya ajiye wasa gaba ɗaya da kakar ta ƙare.

Ya kamata a rage wa labarin soyayyar 'yan kallon gishiri kaɗan. Kaso mai tsoka na mutum dubu ɗari taran nan sun zo ne a ranakun da Dodgers da Giants suka dawo a matsayin baƙi. Ranar 30 ga Mayu, da Dodgers ta zo, mutum sama da dubu 55 ne suka cika Polo Grounds, da yawansu don su sake ganin waɗanda suka guje su. A wasu ranakun kujerun wayam suke. Abin da ya zama sabo shi ne irin waɗanda suka riƙa zuwa ko da babu baƙo mai suna: matasa masu hayaniya, masu rubuta saƙo a kan zanen gado su ɗaga, abin da mahukuntan filin suka fara hanawa kafin su gane amfaninsa. A ƙetaren kogin Harlem, tafiyar 'yan mintuna, Yankees tana cin wasa kamar kamfani mai cika alkawari, har ta ɗauki kofin wannan shekara. Magoya bayan Mets sun zaɓi akasin haka da idonsu a buɗe.

Wani abu kuma ya ba su damar dariya, wanda mai bin ƙwallon ƙafa zai fi kowa ganewa: a gasar Amurka ba a saukar da ƙungiya zuwa ƙaramin aji. Da a Ingila ne, irin wannan kaka za ta jefa ƙungiya ƙasa, kuɗin shiga ya ragu, 'yan wasa su watse. Mets ta gama ta ƙarshe, tazarar wasa 60 da rabi tsakaninta da Giants da ta zo ta ɗaya, kuma babu abin da ya same ta. Ta faɗi sau 111 a 1963, sau 109 a 1964. A wannan shekara ta 1964 ta koma sabon filinta mai sunan Shea, ta tara 'yan kallo kimanin miliyan 1.7, fiye da Yankees da ta sake kaiwa wasan ƙarshe.

Gyaran wasan ya zo ne lokacin da ƙungiyar ta daina sayen tsofaffin sunaye ta koma renon matasan masu jifa, irin su Tom Seaver da Jerry Koosman. A 1969, Gil Hodges yana koci, Mets ta ci wasa 100 ta doke Baltimore ta ɗauki World Series. Cikin 'yan wasan da suka ɗaga kofin akwai Ed Kranepool, wanda ya fara sa rigar a watan Satumba na 1962 yana ɗan shekara 17.

A 2024 Chicago White Sox ta faɗi sau 121, ta karɓe tambarin. Sai dai ta ci wasa 41, ɗaya fiye da na Mets, don haka in aka auna da kason nasara, 'yan 1962 har yanzu suna ƙasa da ita.