Na'urar hana santsi

Na'urar hana santsi (suna, mace, jam'i: na'urorin hana santsi). Na'ura ce da ke auna juyin kowace taya a mota. Idan wata ta fara juyi a banza ba ta kama ƙasa, sai na'urar ta rage wa inji ƙarfi ko ta ɗan taɓa wa tayar birki.

Direban da ya sauka daga kwaltar Ƙonni zuwa Malbaza ya bi hanyar ƙauye da damina ya san wannan aiki, don da ƙafarsa yake yin sa. Taya na tono laka tana watso ta baya, sai ya sassauta totur har ta kama.

A tseren neman gudu mafi girma a doron ƙasa, kamar wanda ake yi a filin gishiri na Bonneville a Amurka, santsi ne babban abokin gaba, don ƙarfin inji ya kan fi abin da gishirin zai riƙe. Motar ThrustSSC da Andy Green ya kai kilomita 1,228 a awa da ita a 1997 ba ta da wannan damuwa sosai, domin injin jirgin sama ne ke tura ta, ba tayoyi ba.

A gasar tseren motoci, kafa wa na'urar doka ne ke da wuya, tun da ana iya ɓoye ta cikin kwamfutar inji. Gasar Formula 1 ta haramta ta a 1994, ta halatta a 2001 saboda kama masu maguɗi ya gagara. Haramcin da aka sake yi a 2008 ya fi tsari, don an tilasta wa kowa kwamfuta iri ɗaya.