3.2 Yadda Aka Gane Cutar Marisuwa a Birnin Katsina

Wannan sashe zai duba yadda mutanen Katsina suka bambanta marisuwa da murar da suka saba da ita, a lokacin da babu ɗakin gwaje-gwaje.

Annobar ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Ikko a watan Satumba na 1918, zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan ta bi hanyar dogo zuwa Kano. Da yake jirgin ƙasa bai kai Katsina ba, hanyoyin fatake da matafiya ne suka rage mata. A lokacin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) ne ke kan gadon sarauta.

Matsalar farko ita ce alamominta sun yi kama da na cututtukan da aka sani. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi suna iya zama na cizon sauro, tari da majina kuwa ba baƙi ba ne idan hunturu ya kunno kai. Abubuwa uku ne suka fayyace ta. Na farko, takan kayar da mutum farat ɗaya, ta kwantar da gida guda cikin 'yan kwanaki. Na biyu, takan sauka ƙirji ta zama ciwon huhu, numfashi ya yi wuya, wasu su yi haɓo, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Na uku, ba yara da tsofaffi kaɗai ta ɗauka ba; ta fi yin ɓarna a kan majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40, da mata masu juna biyu. Cunkoson kasuwa da zaman makoki da zuwa dubiya sun taimaka mata wajen yaɗuwa.

Su ma likitocin Turawa da ido suka gane ta, domin da yawansu sun ɗora laifin a kan ƙwayar da Richard Pfeiffer ya gano a 1892. Sai a 1933 aka ware ainihin ƙwayar cutar a Landan. A yau kuwa majinar hanci ake ɗiba a gwada.

An ƙiyasta cewa annobar ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Saboda haka ne "shekarar marisuwa" ta zama ma'aunin da dattawa suka riƙa lissafa shekarun haihuwa da shi.