Kano zuwa Jidda: nisan hanya da tsawon tafiya ta jirgin sama

Tazarar da ke tsakanin birnin Kano na Najeriya da birnin Jidda na Saudiyya ta kai kimanin kilomita 3,400, idan aka auna ta a miƙe ta sararin samaniya.

Jirgin da ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ba tare da yada zango ba, yakan shafe sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar kafin ya sauka a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda.

Manyan jiragen jigilar alhazai sukan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a sa'a guda bayan sun lula sama. Tashi da sauka ne ke cin ragowar lokacin.

Hanyar da jirgi ke bi

Daga Kano jirgi yakan doshi gabas maso arewa, kusan daidai da alƙibla. Yakan ratsa yankin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi da arewacin Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya.

Sai dai tsawon tafiyar ya dogara ne ga zaman lafiyar ƙasashen da ke kan hanya. A watan Afrilun 2023, bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Hakan ya tilasta wa jiragen alhazan Najeriya yin zagaye a aikin Hajjin shekarar, lamarin da ya ƙara tsawon tafiya da yawan man da suke sha. Sai da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta sake zama da kamfanonin jiragen a kan kuɗin jigila.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu. Don haka jirgin da ya bar Kano da ƙarfe goma na dare, ya yi tafiyar sa'o'i huɗu da rabi, zai sauka Jidda da ƙarfe huɗu da rabi na asuba agogon Saudiyya, alhali a Kano ƙarfe biyu da rabi ne na dare.

Saukar kuma ba ita ce ƙarshen tafiyar maniyyaci ba. Akwai tantance takardu a sashen alhazai na filin jirgin, wanda aka buɗe a 1981, sannan da tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba a mota zuwa Makka.

Kafin zuwan jirgi

Jiragen sama sun fara sauka a Kano ne a 1925. Kafin jigilar alhazai ta sama ta kankama, maniyyata sun riƙa bin ƙasa ta Borno da Abeche da Al-Fashir da Khartoum, har zuwa tashar Sawakin da ke gaɓar Bahar Maliya, inda suke shiga jirgin ruwa.

Tafiyar takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, domin da yawa sukan tsaya yin noma ko ƙwadago su tara guzuri. Wasu ba su koma gida ba, kuma zuriyarsu na daga cikin Hausawan da ke zaune a Sudan a yau.